Hannun Malam Ayouba

Shamsiya ba ta tsani kwamfuta ba, hannun da ke koya mata ita ta tsana. Hannu ne mai kauri, mai gumi ko da fanka na juyawa, kuma kullum bayan azahar sai ya dawo yana ƙarnin soyayyen kifi da man koliko, doyar nan da ake soyawa a bakin titin Zongo. Mai hannun shi ne Malam Ayouba, wanda ya buɗe ɗan ɗakin koyar da kwamfuta a bayan shagunan masu atamfa. A masallaci sahun gaba yake tsayawa, a cikin aji kuwa Allah ya kyauta.

Gwaggonta Hasanatu ce ta samo mata alkawarin aiki a ofishin wani mai fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, don sakatariyarsa za ta tashi ƙarshen wata. Sharaɗin ɗaya ne: ta zo da takardar shaidar ta iya Word, manhajar da ake buga takardu da gyara su. Takardar nan kuwa sai da sa hannun Malam Ayouba.

Ranar farko allon ya rikita ta. Sama cike da maɓallai jere-jere kamar tiren mai koli, ƙasa farar takarda tana jiran ta. Ta tambayi inda ake dannawa don rubutu ya yi kauri. Ai kuwa kamar jira yake. Ya zagayo ta bayanta, ya sunkuyo har numfashinsa na taɓa mayafinta, ya ɗora tafinsa a kan hannunta da ke riƙe da linzamin kwamfutar, wai yana nuna mata hanya. Ya ja ta zuwa wurin buɗe takarda, ya ja ta zuwa wurin adanawa, a hankali, kai ka ce daga Lomé zuwa Wagadugu ake tafiya. Da ya ɗaga, sai ga maiƙo a bayan yatsunta. Ta fita ta wanke hannu da sabulun wanki har fatar ta yi ja.

Sauran ’yan matan suka ce haka yake yi wa kowa, ta daure, wata guda ai ba shekara ba ne. Ta lura maza kuwa daga nesa yake nuna musu da baki. Tir da wannan koyarwa! Ta so ta gaya wa Gwaggo, amma ta san halinta: za ta zo ta tara masa jama’a, ta cire ta daga ajin, aikin kuma ya bi ruwa. Sai ta haɗiye, tana zuwa kullum kamar mai zuwa shan magani.

Wata rana da ya sake ɗoro hannun, ta fizge nata da ƙarfi, yatsanta ya faɗa kan wani maɓalli a ƙasan allon bugu, wanda aka rubuta wa Alt. Nan take ƙananan haruffa suka fito a kan kowane abu da ke saman allo. Malam Ayouba ya yi saurin ɓatar da su, ya ce wannan ba na masu koyo ba ne. To, an ce in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Shamsiya ta riga ta gani.

Daga ranar, duk lokacin da ya fita cin kolikonsa, sai ta zauna ta danna Alt ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowane maɓalli yana da ƙofarsa ta baya. Ta gano yadda ake shiga wurin saka hoto, da wurin gyara gefen takarda, da wurin duba ta kafin a buga. Ta gano a Word ɗinsu na Faransanci Ctrl da G na sa rubutu kauri, Ctrl da Z kuma na maido da abin da ta ɓata, ta kuwa ɓata da yawa. Sau ɗaya ta share shafi guda ta zauna tana salati. Amma a sati na uku linzamin nan yana gefe kamar baƙon da ba a gayyata ba, shi kuma Malam yana ta kewaya kujerarta ba dalilin sunkuyawa.

Ranar jarrabawa ta gama shafinta kafin kowa, hannunta bai kusanci linzami ba. Ya duba sama da ƙasa bai sami aibu ba. Ya ciro takardar shaidar ya ajiye a teburinsa, ya ce ta dawo da yamma idan kowa ya watse, sai ya sa hannu cikin natsuwa. Yadda ya faɗi natsuwar ya sa ta gane nufinsa.

Tana tsaye tana tunanin abin yi, sai ta ga ya nufi Assana, wata sabuwar ɗaliba da ta fara shekaranjiya. Ya sunkuya, ya ɗora hannun. Yarinyar ta sandare, ta kafe allo da ido. Shamsiya ta san wannan fuskar, ta sha ganin ta a gilashin kwamfutarta. Ta kalli takardar da ke kan tebur, ta tuna Gwaggo da ofishin da ke jira. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da Assana.

“Ƙanwata, saki abin nan,” in ji ta, da muryar da duk ajin zai ji. “Ba sai an riƙe miki hannu ba. Danna nan.”

Haruffa suka fito. ’Yan matan da ke layin baya suka leƙo, ɗaya ta tambayi wane maɓalli ne, wata ta ture linzaminta gefe ta gwada. Malam Ayouba ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa, ya cusa shi a aljihu.

“Shamsiya, ai karatunki ya ƙare,” ya ce.

“Ya ƙare, Malam. Amma tunda sai yamma za ka sa hannu, bari in zauna in taya ka har yamman.”

Bai jira yamma ba. Ya koma teburinsa, ya rattaba hannu, ya buga hatimi, ya miƙo mata takardar yana kallon ƙofa. A kusurwarta ta ƙasa, daidai inda ya riƙe, babban yatsansa ya bar tabon mai. Shamsiya ta karɓa da ’yan yatsu biyu ta ɗaya gefen, ta ajiye ta a kan cinyarta, ta ci gaba da nuna wa Assana yadda ake adana takarda.