Shekarar da Tirelar Orval Ba Ta Je Kudu Ba

A Bemidji, garinmu mai sanyi a jihar Minnesota, duk wanda zai sayar da babbar tirelar kwana mai kama da gida, irin wadda ake ɗora wuyanta a bayan a-kori-kura, ni yake nema in yi mata kuɗi. Ba don ina da daɗin baki ba. A gyaran irin waɗannan tirelolin na tsufa, kuma ban iya kwana-kwana ba: abin da na gani shi nake faɗa, mai jin haushi ya ji. Akwai waɗanda suka daina gaishe ni a coci saboda haka, ni kuwa ban rame ba.

Amma da Marlys Tollefson ta kira ni a farkon bazara, sai na ji da ma wani ta kira.

Mijinta Orval abokina ne tun muna samari. Ya rasu a tsakiyar sanyin da ya wuce, bayan doguwar jinya a gida. Shi da Marlys suna cikin mutanenmu da ba sa yarda dusar ƙanƙara ta riske su a Minnesota. Da ganye ya fara zuba sai su ja tirela su nufi Yuma, can kudu a jihar Arizona mai zafi, ba a sake ganin ƙeyarsu sai ƙasa ta narke. Gidansu suka sayar suka saye ta, suka koma ɗan gidan haya. Tirelar kuwa ta amsa sunanta: falonta yana buɗewa ta gefe biyu idan an yada zango, ga injin wanki, ga murhun ɗumama ɗaki, ga gadon da ya fi na gidana faɗi. Orval ya fi kula da ita a kan lafiyar jikinsa. Ba mai shiga da takalmi, har ni da na ɗaura masa rabin kayan cikinta.

"Curtis Nyquist ne yake son sayen tirelar," in ji Marlys a waya. "Mun yi da shi ba ciniki, Delbert. Abin da ka yanke shi ke nan."

Na san abin da za ta yi da kuɗin, don kowa ya sani. 'Yarta da ke garin Duluth za ta mayar da garejinta ɗaki da banɗaki, uwar ta zauna kusa da jikoki. Abin da magini ya nema kusan daidai yake da abin da irin wannan tirela take kawowa idan lafiyarta ƙalau. In kuɗin bai kai ba, gidan tsofaffi ne ya rage mata, don ƙafafunta sun fara ƙin ta.

Da safe na je. Na tarar Curtis ya riga ni, yana zagaya tirelar yana shafa gefenta. Mutumin kirki ne, bai daɗe da ajiye aikin gidan waya ba, kuma matarsa ta ƙosa ta ga rana a watan Janairu.

"Ga sarkin rage kuɗi ya iso," ya ce. "Yau kam ba ka da abin ci a nan, tsoho. Kayan Orval ne fa. Ni ko ba ka duba ba zan biya."

"Da kayan Orval da na shugaban ƙasa, duk ruwan sama ɗaya ke dukansu. Matsa ka riƙe mini tsani."

Ya nuno mini wayarsa, wai ga yadda ake sayar da irinta a Texas. Na ce ya mayar da ita aljihu. Waya ba ta taɓa hawa rufin tirela ba.

Na hau sama na bi rufin da gwiwa. Duk inda ruwa kan samu kafa, Orval ya liƙe shi tsaf, na gane aikin hannunsa. Na sauko na duba tayoyi, na duba ƙarfen wuya, na bi bango ina dannawa da tafin hannu ko zan ji inda ya saki. Babu. Hankalina ya fara kwanciya, har na soma lissafin yadda zan gaya wa Marlys ta kira maginin.

A bakin ƙofa na tuɓe takalmina. Ba wanda ya ce in tuɓe, hannuna ne ya saba.

Da takalmi na shiga, wataƙila da na wuce ban ji komai ba. Amma ina isa gaban wurin wanke-wanke sai sanyi ya ratsa safata, ƙasan kuma ya ɗan lotsa ƙarƙashin diddigena. Na sake takawa, ya sake lotsawa. Na buɗe kabad ɗin ƙasa, warin rima ya buge ni. Na haska tocila ina neman alamar maganin nan mai launin hoda da ake ɗura wa bututu kafin sanyi don kada ruwa ya daskare a ciki. Ko ɗigo babu.

Na fita na kwanta a ƙasa, na shiga ƙarƙashinta, na soka sukundireba a marfin cikin. Ruwa ya tsiyayo mini har cikin hannun riga. An bar ta da ruwa cike da tanki da bututu, ta kwana a sanyin Bemidji tun daga kaka. Ƙanƙara ta farfasa komai, da gari ya yi ɗumi kuma ruwan ya narke ya jiƙa katakon daɓen. Sai an ɗaga kicin da banɗaki gaba ɗaya kafin a gyara.

"Lafiya dai?" in ji Curtis daga sama. Ƙafafuna kawai yake gani.

Ina kwance a wurin na shiga lissafi. Mutumin nan ya ce ko ban duba ba zai biya. In na yi shiru, Marlys za ta samu ɗakinta, shi kuma ba zai gane ba sai ya isa Arizona ya buɗe famfo. Na ji haushin Orval da ya mutu, na ji haushin kaina da ban leƙo da kaka na tambaya ba, na ji haushin Curtis da yardarsa ta yi yawa.

"Jira ni a nan," na ce. "Bari in ga matar gidan."

Na same ta a falo ta zuba kofi, ta yanka kek. An fitar da gadon jinya, amma sawun ƙafafun gadon yana nan a kan kafet, dab da taga. Na zauna na soma kame-kame, abin da ban taɓa yi ba. Na yabi rufin, na yabi tayoyin.

"Delbert Haugen," ta ce, "tun yaushe ka koyi yabon kaya? Hannun rigarka a jiƙe yake. Faɗi."

Na faɗa mata. Na ce da ƙyar ta kai rabin abin da take sa rai. Na ƙara da cewa ba laifinta ba ne: mutanen da kullum suke kudu kafin sanyi ba sa ɗura maganin nan, ba su saba ba, kuma mai majinyaci a hannu ina zai tuna da bututu.

Ta girgiza kai. "Ban manta ba. Maƙwabcinmu ya zo da jarkokin har ƙofar gida, ya ce zai yi mini kyauta. Ni na ce ya koma da abinsa."

Na ajiye kofin.

"Dubi tagar nan," ta ce. Na duba. Tirelar ce ta cika ta, daga wuya har baya. "A nan yake kwance. Kullum da safe sai ya ce, 'Marlys, a shirye take?' In ce a shirye take, ruwa a tanki, gas a tukunya, kai kawai muke jira. Ka san Orval. Da ya hango mutum da jarkar nan a gindinta, ba sai likita ya gaya masa komai ba. Ba a ɗura wa tirelar da za ta tafi."

"Ai da kin kira ni, in zo in yi yana barci."

"In kuma dubi idonsa in ce a shirye take? Bai taɓa kama ni da ƙarya ba, ba zan fara a ƙarshe ba. Na dai riƙa roƙon Allah sanyin bana ya zo da sauƙi." Ta yi ɗan murmushi. "A Bemidji."

Tausayinta ya kama ni. Na ce, "Ɗakin Duluth fa?"

"Ba zai ginu ba ke nan. Shi ya sa kai na kira. Wani zai ji tausayina ya cuci Curtis da sunan Orval."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kujera, ta buɗe ƙofa. "Curtis! Shigo ka sha kofi kafin ya huce. Delbert yana da magana, kuma ba mai daɗi ba ce."

Kafin ya ƙaraso ta juyo gare ni, ta rage murya.

"Har ranar da ya cika yana tambayata ko na saka masa hular rana a mota. Kai ne mai yi wa kaya kuɗi, Delbert. Ka ce na yi asara?"

Na juya na dubi tirelar ta taga. Curtis ya tsaya a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalminsa.