Ɗakin da ke Kusa da Ƙofa

Baba Kambai ya yi shekara talatin da biyu yana aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, kuma da kuɗin sallamarsa ya gina gida mai ɗaki shida. Shi da matarsa Tamar suka riƙe biyu, sauran ya zuba 'yan haya. Rijiya ɗaya, madafi ɗaya, amma kowa ya san mai gida.

Ana nan sai Jacinta ta kama ɗakin da ke kusa da ƙofa. Nas ce, 'yar Fadan Kagoma, ga fara'a ga sanyin hannu. Ba ta yi wata uku ba matan unguwa suka gano ta. Da ta dawo daga aiki sai su jeru a kan bencin Baba da goyonsu, wannan a duba mata zazzaɓin yaro, waccan a karanta mata takardar magani. Su zo mata da citta da doya da mudun acca, su wuce shi yana zaune da rediyonsa, daga "Sannu Baba" ba ƙari.

Ran nan ya hau acaɓa daga kasuwa, ya ce a kai shi gidan Kambai. Mai babur ya yi ta kame-kame, sai da aka yi masa kwatance ya ce, "Af, gidan Nas! Ai da ka faɗa tun farko, Baba. Jikin ne?"

Ranar ko tuwo bai taɓa ba. Ya ce wa Tamar, "Da kaina na ɗauki bulon gidan nan. Yau an wayi gari ni ne baƙo."

Ta ce, "Baban Boaz, me yarinyar nan ta yi maka? Ba ita ta gano hawan jininka ba?"

Ran Lahadi bayan sujada Fasto ya shigo, ya gaida Baba a tsaye, ya wuce ƙofar Jacinta ya zauna har da shan kunu. Washegari Baba ya tare ta a bakin rijiya.

"Gidana ba asibiti ba ne. Daga yau kada in ƙara ganin kowa a bencin nan."

Ta rusuna ta ce, "To Baba, ka yi haƙuri." Da ta yi gardama da ya fi jin daɗi. Ƙarshen wata ta kawo masa makulli, ta ba Tamar kwalbar zuma, ta koma gidan Silvanus, tsohon abokin aikinsa, layi biyu a gaba.

Mako ɗaya ya yi yana jin daɗin bencinsa. Sai a taron zumuntar maza ya ji Silvanus yana ta "Nas ɗinmu ta ce, Nas ɗinmu ta yi," kamar shi ya haife ta. Tamar ma kowace yamma sai ta ɗauki mayafi ta nufi can. Mutum uku suka zo neman ɗakin, duk ya ce an kama.

Da abin ya ishe shi ya ce wa Tamar, "Ki ɗan ji ta bakin Jacinta mana, ko za ta dawo. An ce rijiyarsu tana ƙafewa da rani."

Ta ce, "Bakin da ya kora, shi zai kira."

Ya sa rigarsa ta zuwa majami'a ya fita. Daga nesa ya hango Silvanus a kan kujera a ƙofar gida, mata suna durƙusawa suna cewa, "Sannu Baban Nas," shi kuwa yana amsawa da dariya, yana wasa da jariransu, yana nuna musu inda za su zauna.

Silvanus ya ɗaga hannu. "Kambai! Ƙaraso mana, 'yarka tana ciki!"

Baba ya ce, "Sauri nake yi," ya miƙe kamar mai zuwa wani wuri, ya zagaya ta bayan makaranta ya dawo gida. Da safe ya aika a kira wani malamin firamare cikin masu neman ɗakin, ya miƙa masa makulli.