Kitsen Bayan Ido

Ido ɗaya ya rage wa Hadizatu. Na dama ƙaya ta tsone shi a gonar auduga tun tana budurwa, ga shi yanzu na hagun ma ya fara yi mata rowa. Kogin da ke bayan gidansu a Mai Wurno ya koma mata wani farin zane da aka shanya. Sai ta ƙara wa idon kwalli, don a wurinta kwalli magani ne, haka ta taras ana yi. Ranar da ɗanta Abdussalami zai kai ta asibiti a Madani kuwa, ta rambaɗa shi har sau biyu.

Aka tura ta cikin na'urar da suke kira ranin, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, aka fito da ita. Hoton ya ɓaci.

Likitar, Ibtisam, ta juya mata allon, Abdussalami yana fassarawa. Ido a kan kitse yake zaune, kamar kai a kan matashi. A hoto kitsen fari fat yake fita, ya rufe jijiyar gani. Sai an saita na'urar ta dusashe shi, ya yi baƙi, sannan ciwo ya bayyana. To, kwallinta akwai garin ƙarfe a ciki, ya rikita maganaɗisun, kitsen ya ƙi dusashewa.

"Kwallin nan mi yay yi musu?" in ji Hadizatu. "Shi ka riƙe min idon!"

"Inna, diktora ta ce in an yi jinkiri jijiyar mutuwa za ta yi. Ki wanke, don Allah."

Tsoro ya kama ta sosai. Ta wanke da sabulu tana ƙunƙuni, ta ji fuskarta tsirara.

Da aka mayar da ita, na'urar ta shiga bugawa kamar mata uku a turmi ɗaya. Hadizatu ta rufe ido. Ta ga kanta a kwalekwale, tana shiga wani ɗaki da ke bayan idonta, cike da farin hazo. Wani yana bi yana kashe hasken a hankali, kusurwa bayan kusurwa. Da duhun ya daidaita, sai ga wani siririn zare yana ƙyalli shi kaɗai, a kumbure a tsakiya. Tausayinsa ya kama ta, ashe shi ke ta wahala ba wanda ya gan shi. Har ta miƙa hannu aka ce kada ta motsa.

"Kumburi ne, Hajja," in ji Ibtisam daga baya. "Yau za mu fara magani."

Aka kwantar da ita, ana ɗura mata magani ta jijiyar hannu. Wata safiya hazon ya ja baya. Ta ga taga, ta ga buta, ta ga wani mutum yana gyangyaɗi a kujera, kansa duk fari. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane shi.

"Abdussalami," ta ce, "yaushe ka yi hurhura haka ban sani ba?"