Wutsiyar Chispa

Kwana ashirin da uku ina hana 'yata Donají taɓa tsakar da na saya mata. 'Yar ƙarama ce, mai ɗigo-ɗigo irin na damisa, tsawonta bai wuce yatsana ba. Chispa muka sa mata. Mai kiwonsu a birnin Oaxaca ya ja min kunne: kada a kama ta, kada hannu ya zo mata ta sama. Sai dai kullum a shimfiɗa tafin hannu a cikin akwatin gilashinta, a yi shiru, har ranar da za ta hau da kanta.

Ni nake shimfiɗa hannun, Donají tana tsaye da nata hannayen a baya. Shekararta takwas, amma ko sau ɗaya ba ta saɓa ba. Ranar Juma'a Chispa ta hau tafina. Na ce wa yarinyar, "Lahadi bayan cin abinci, ke ce za ki shimfiɗa naki."

Sai ga Heriberto, yayan mijina, ya zo cin abincin Lahadi ba a gayyace shi ba. Kaf garinmu Juchitán babu wanda ya kai shi kama damo, kuma babu wanda ya kai shi faɗin hakan. Ya share ƙullin tamale shida, alalar masararmu, ya lashe yatsu, ya hango akwatin.

"Wai wannan ƙwaron ake ta lallashi sati uku?" ya ce. "Ƙanwata, ko romo ba zai yi ba."

"Yaya, don Allah kada ka buɗe."

"Ni za ki koya wa ƙadangare? Tun kafin a yaye ki nake cafko su a kan bishiya. Ta wutsiya ake yi, duba ki gani."

Kafin in ajiye tukunyar da ke hannuna ya zura nasa. Chispa ta yi ƙara, ta tsinke wutsiyarta, ta shige kogonta. Wutsiyar ta faɗo kan tebur tana ta mutsu-mutsu. Shi kuwa dariya ya kama yi.

Wallahi ban taɓa jin zuciyata ta tafasa haka ba. Na ce, "Fita min daga gida!"

"Haba, ai za ta sake tsirowa."

"Wutsiyar za ta tsiro. Hannu fa? Yaushe za ta sake yarda da hannu? Ƙaton banza, komai sai ka damƙa!"

Mijina Rutilio ya ce, "A yi haƙuri mana, ba da gangan ba ne." Na ce ya bi yayansa su je su yi haƙurin a waje. Suka fita suna gunaguni.

Da na juyo, Donají tana bakin tebur. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Wutsiyar ta daina motsi. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗago kai.

"Mama," ta ce, "wannan ɗin zan iya taɓawa?"