Jiƙaƙƙiyar Gwafa

Tun da hantsi aka gama ɗaure injin a kan doguwar tirela, amma har rana ta kusa tsaka ba a buɗe musu ƙofar fita daga tashar jirgin ruwa ba. Injin kafa ginshiƙan gada ne, sabo fil daga ƙasar waje, ƙafafunsa na sarƙa sun zarce gadon motar hagu da dama. An kwantar da wuyansa, duk da haka tsayinsa ya kai na gidan bene.

Anti Doka ta kasa zama. Ta zagaya motar ta ja sarƙoƙin, ta koma ta leƙa ƙofa, ta dawo ta sake jan sarƙoƙin da ta riga ta ja. Ita ce jami'ar kiyaye haɗari a kamfanin jigilar, ko wata uku ba ta yi da kama aiki ba, kuma direbobi ne suka laƙaba mata wannan suna saboda ba ta buɗe baki ba tare da ta ce "doka ta ce" ba. Yau ne karo na farko da za ta yi wa babban kaya rakiya. Damuwarta ba ta ga sarƙa, tana can saman injin, inda wani dattijo yake zaune a kan ƙarfe ya miƙe ƙafa, da doguwar sanda mai baki biyu a kan cinyarsa.

Mai Gwafa ake kiransa, kuma mahaifinta ne. Aikinsa shi ne, duk inda wayar lantarki ta gitta titi ƙasa-ƙasa, ya miƙe a kan kaya ya tokare ta da gwafar nan ya ɗaga, mota ta sulale ta ƙarƙashi. Haka kamfanin yake fitar da manyan kaya tun kafin a haife ta. Babu wanda ya taɓa zama ya tambaya ko akwai wata hanya, don a wurin nan duk abin da ya daɗe ya zama daidai.

Da safe an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gwafar ta kwana a waje, ta sha ruwa har ta yi baƙi.

"Baba, sandar nan fa a jiƙe take," ta ɗaga murya.

Ya leƙo yana murmushi. "Uwata, ai rana za ta busar da ita kafin mu kai shataletale."

Ta ɗaga kai ta dubi sama. Babu ranar. Hadari ne ke sake haɗowa daga wajen teku.

Direban tirelar, wanda ake ce wa Sarkin Kwana, ya leƙo ta taga yana sakace. Abokin mahaifinta ne, tare suka yi ƙuruciya a bakin tashar nan.

"Anti Doka, yau kuma wace aya za a karanta mana?"

"Kawu, jiƙaƙƙen icce yana ɗaukar wutar lantarki. Wannan ba aya ba ce, ɗan firamare ma ya sani."

"To mu da ba mu yi firamare ba ai wutar ba ta san mu ba," ya ce, ma'aikatan da ke tsaye suka kwashe da dariya. "'Yar nan, tsohonki ya ɗaga wayar da ta fi gashin kanki yawa. Ko ƙwarzane."

"Mutumin da yake riƙe gwafa kafin shi fa? Ina hannunsa na dama?"

Dariyar ta tsaya. Sarkin Kwana ya tofar da tsinken. "Wannan ƙaddara ce."

Ta juya ta kira Manaja a waya. Tun jiya ta faɗa masa hanya biyu: ko a kwance wuyan injin a ɗora a wata mota, ko a sa ma'aikatan lantarki su ɗauke wutar titin kasuwa har su wuce. Ta maimaita masa.

"Kwance wuya aikin yini guda ne," Manaja ya ce, tana jin ƙarar cokali a kofinsa. "'Yan lantarki kuma sun ce sai jibi. Izinin da aka ba mu na bin titi na yau ne kawai. Ke dai shiga gaba ki kunna jiniya, aikinki ke nan."

"Ranka ya daɗe, aikina shi ne kada a mutu."

"Allah zai kiyaye."

"Ai Allahn ne ya ba mu hankalin..."

Ya kashe wayar. A daidai lokacin mai gadi ya ja ƙofa, motocin kwantena da ke bayansu suka hau danna hon kamar ana korar ɓarawo. Ba ta da lokacin tunani. Ta faɗa a-kori-kurar rakiya, ta kunna jiniya da fitilar sama, ta shiga gaba.

Tafiyar hawainiya suke yi. Tirelar ta cinye hannu biyu na titi, 'yan babur suna kutsawa ta gefenta kamar ƙudaje, yara suna bin ta da gudu suna ihu. Anti Doka tana tuƙi, rabin idonta a hanya, rabi a madubi. Wayar farko siririya ce, ta shiga wani shagon aski. Ta ga mahaifinta ya miƙe, ya buɗe ƙafa a kan ƙarfe mai santsi, ya tokare ta ya ɗaga. Motar ta sulale. Ya saki, wayar ta yi lilo a bayansa, ya koma ya zauna. Masu kallo a bakin titi har da tafi. Ta biyu ma haka. A ta uku takalminsa ya zame, ya dafa wuyan injin ya gyara tsayuwa, ita kuwa sai da ta kusa hawa kan teburin mai lemo.

Tana jin haushin tafin nan fiye da komai. Mutum mai furfura yana wasa da ransa a kan kayan da bai san mai su ba, jama'a suna tafi kamar ana wasan kura. Gobe in ya faɗo, su ɗin ne za su ce kwana ya ƙare.

Suna karya kwana zuwa titin kasuwa aka fara yayyafi. Can gaba, kusa da taransifoma, manyan wayoyi uku sun gitta titi, tsirara babu roba, sun yi ciki saboda falwayar gefe ɗaya ta karkace. Ko daga cikin mota tana ganin sun fi kan injin ƙasa. Ta duba madubi. Mahaifinta ya riga ya miƙe, ruwa yana bin gwafar yana sauka ta gwiwar hannunsa.

Ta murɗa sitiyari ta gitta a-kori-kurar a tsakiyar titi, ta ja birki, ta zare makulli.

Tirelar ta yi wani dogon huci ta tsaya, saura kaɗan ta taɓa ƙofarta. Sarkin Kwana ya diro yana zare ido.

"Ke! Kin san nauyin da ke bayana? Kashe kanki za ki yi?"

"Ba za a wuce ba, Kawu, sai an ɗauke wuta."

"Wa zai ɗauke? Ke?"

Kafin ta amsa titin ya cushe. Motocin haya, masu kura, wata tankar ruwa, kowa ya danne hon. Wani direban bas ya zuro kai yana tambaya ko gidan ubanta ne titin. Wata mai sayar da tumatir ta ce a bar yarinya mana, wata ta ce ai irinsu ne masu hana mutane neman abinci. Wayarta tana ta kuka a aljihu, ta san Manaja ne.

"Uwata," mahaifinta ya kira daga sama. Muryarsa babu wasa yanzu. "Janye motar nan."

"Baba, ka sauko."

"Ki janye na ce. Kina tara mini jama'a."

"Wayar can ba irin ta shagon aski ba ce. Kuma sandar a jiƙe take, kai ma a jiƙe, a kan ƙarfe kake tsaye."

"Na ɗaga ta bara, na ɗaga ta bara waccan. Ba ta komai."

"Da rani ne, Baba."

"Na ce miki ba ta komai!"

Ta tsaya tana dubansa, ruwa yana shiga idonta. Sai ta ɗaure bakin mayafinta a ƙugu, ta taka taya, ta kama sarƙa, ta hau gadon tirelar. Daga nan ta bi tsanin injin. Sarkin Kwana yana ta "ke, ke, 'yar nan," bai dai taɓa ta ba. Ƙarfen yana da santsi fiye da yadda ta zata, amma ta kai. Daga sama wayoyin sun fi kusa, har tana jin wani siririn zuzu da suke yi a cikin yayyafin.

Ta ciro makullin a-kori-kurar, ta jefa wa Sarkin Kwana ƙasa. "Kawu, ga shi, a janye motar." Sannan ta sa hannu biyu ta kama gindin gwafar, ƙasa da hannun mahaifinta.

"Mene ne haka?"

"Tun da ba ta komai, mu ɗaga tare."

"Saki sandar nan."

"Kai ka ce ba ta komai, Baba. Ni ban taɓa jin ka yi mini ƙarya ba. Bismilla, Kawu ya ja mota."

Ya fizgi gwafar, ba ta saki ba. Bai sake fizga da ƙarfi ba, don ya ga inda ƙafarta take. Ya dubi wayoyin, ya dubi hannunta, ya dubi wayoyin. A ƙasa hon ya ragu, mutane sun ɗaga kai. Sarkin Kwana yana tsaye da makulli a hannu, bai nufi a-kori-kurar ba, bai kuma koma tasa motar ba.

"Aboki," ya ce a hankali, "ni dai ba zan ja da ita a sama ba."

Mai Gwafa ya juyo ya dube ta. Da ya buɗe baki, muryar ta yi ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kin san abin da kika yi? In 'yan lantarki suka fara ɗauke wuta, wa zai ƙara neman mai gwafa? Ni me na iya ban da wannan?"

Ta yi ta tunanin wuta da ƙarfe da ruwa tun jiya, wannan tambayar ce ba ta shirya mata ba. Duk da haka ba ta saki ba.

Shi ya saki. Ya juya mata baya ya bi tsanin, a hankali, irin saukar mutumin da ƙafafunsa suka tsufa yau ɗin nan. Da ya taka ƙasa Sarkin Kwana ya matso zai yi magana, ya ɗaga masa hannu. Bai waiwayo sama ba.

Ta kwantar da gwafar a gefen wuyan injin ta zauna. Ta ciro wayarta ta amsa kiran Manaja.

"Kin toshe mini rabin gari!" Manaja ya fara tun kafin ta gaishe shi. "Shugaban 'yan sandan hanya ya kira ni, 'yan kasuwa sun kira ni. Ki ɗauka ba ki da aiki a kamfanin nan."

"To, ranka ya daɗe. Amma motar tana nan, babu mai hawa sama. Ka kira 'yan lantarki ka ce musu titin kasuwa a rufe yake, ka ga ko za su ce jibi."

Ya yi ta faɗa, ta sauke wayar daga kunne ta bar shi yana yi. Daga inda take tana hango titin gaba ɗaya, motoci sun yi layi har shataletale, ruwa yana ƙaruwa. Ta nemi farar hular mahaifinta a cikin jama'a ta same ta. Yana tafiya tsakanin motoci, hannuwansa a baya, ya wuce ƙarƙashin wayoyin nan uku ko ɗaga kai bai yi ba. Ta san yau ba zai ci abincin da ta taɓa ba, wataƙila har mako ya zagayo. Ta bi shi da ido har ya sha kwanar layin masu kifi, a ƙasa, da ƙafafunsa.