Ba a Kashe Duna a Kan Zato

Saratu ba ta taɓa ce wa yayan mijinta a'a ba, sai da zancen Duna ya taso.

Duna baƙin kare ne da marigayi Usmanu, mijinta, ya tsinto yana ɗan kwikwiyo. Shi ke bin tumakinta kiwo a bayan Gurbin Bore, shi ke koro su gida da yamma. Ba ta barinsa ya shiga ɗaki, kwanonsa ma daban yake a gindin dalbejiya, amma ba ta fasa ba shi ruwa, kuma takan zauna ta cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya ya ƙi fita kiwo. Ya kwanta a bayan rumbu, miyau na dalala daga bakinsa, yana ta sosa muƙamuƙi da ƙafa. Ta ajiye masa tuwo, ya sunsuna ya kau da kai. Kafin azahar labari ya zaga unguwa, wai karen Saratu ya haukace.

Sai ga Maiwada, yayan mijin nata, da gora a hannu, maza biyu na biye da shi.

"Saratu, kauce. Wanga kare ba a barin shi."

"Yaya, wa ya ciza?"

"Sai ya ciji wani za ki yarda? Unguwa cike take da yara."

Ta san batun yara gaskiya ne. Ta kira sunan karen, ya ɗago kai ya kaɗa mata wutsiya a hankali. Ta gyara tsayuwa a bakin rumbun.

"Na ɗaure shi, ba inda za shi. In hauka ce, likitan dabbobi ya faɗa da bakinshi, ni da kaina zan ba ku hanya. Amma ba a kashe shi a kan zato."

"A gidan ƙanena kike gaya mini haka?"

"Gidan ƙanenka ne, Yaya. Kare nawa ne."

Masu babur duk suka ƙi ɗaukarta da kare. Ta ari amalanke, ta shimfiɗa buhu, ta ɗora Duna a ɗaure, ta kama hanyar Zurmi, inda likitan dabbobi yake, ana yi mata dariya. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Likitan, wani mai suna Hashimu, ya sa safar hannu, ya buɗe bakin karen da kara, ya leƙa. Guntun ƙashi ne ya maƙale tsakanin haƙoran sama. Yana zare shi, Duna ya kama lasar ruwa kamar ba gobe.

"Baba, an taɓa yi masa allurar rigakafi?"

Ta girgiza kai.

"To kin yi ganganci. Da hauka ce, ke zai fara ciza."

Ba ta yi musu ba. Aka yi allurar, ya ce ta bar shi a ɗaure kwana biyu tana lura da shi.

Da ta dawo, ta tarar da Maiwada zaune a ƙofar gida. Ta ba shi labari.

"Sa'a ce kika yi," in ji shi.

"Sa'a ce, Yaya. Likitan zai zo da allura ranar kasuwa. Karnukan farautarka ma ba a taɓa yi musu ba."

Ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi. Ranar kasuwa ya zo da karensa ɗaya a igiya, ya tsaya can ƙarshen layi, fuska a murtuke.