Bangon Ɗaki na Takwas

Duk wanda ya taɓa ba mahaifina gini a Gwandu ya san abu biyu game da shi: aikinsa ba ya tsagewa, kuma ba a gama shi sai an yi faɗa. Mamman Magini ake ce masa, a bayan idonsa kuma Mamman Taurin Kai. Ni ne Ashiru, ɗansa na fari, kuma masu cewa na gado shi ba su yi mini ƙarya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ke haɗa shi faɗa da masu gini guda ɗaya ne. Idan dogon gini ne mai ɗakuna a jere, sauran magina sukan tsayar da bangon tsakani daidai inda za a kafa silin, su bar cikin rufi fayau daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Baba kuwa, duk bayan 'yan ɗakuna sai ya ɗauki bango ɗaya ya kai shi har ya taɓa kwano. Ya ce tun yana saurayi ya ga wuta ta cinye layin shaguna guda, mutane suna ƙasa suna watsa ruwa a bakin ƙofa, ita kuwa tana sama cikin rufi tana tafiyarta. Masu gini ba su ga komai a nan ba sai ɓarnar bulo.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce muka sami aiki a Kalgo. Alhaji Sirajuddeen ne zai gina gidan haya na ɗaliban jami'a, ɗaki ashirin a layi ɗaya. Lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, ina gini tare da Baba. Muna kaiwa ɗaki na takwas ya ɗaga bangonsa sama. Alhaji ya zo ya gani, ya ce a sauke shi kafin kafinta ya iso. Da ya tafi sai ni ma na buɗe baki, na ce wa Baba taurin kansa ne ke korar mana aiki, kuma a wannan magana Alhaji ya fi shi gaskiya. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce tunda na fi shi sanin gini, in je in nemi inda za a yi amfani da sanin nawa. Washegari na tattara kayana. Bayan mako biyu na ji shi ma an sallame shi, an ba wani magini ya ƙarasa.

Haka na faɗa aikin kashe gobara. A watan farko na horo, malaminmu ya zana dogon gini a allo, ya nuna yadda wuta ke gudu a cikin rufi, sannan ya ja layi ɗaya daga ƙasa har sama ya ce wannan bangon shi ne babban abokinmu. Kunya ta rufe ni a kan benci. Amma ban taɓa gaya wa Baba ba. Mun shirya tuntuni, ina zuwa gida duk salla, shi ya raɗa wa 'yata Sumayya suna, sai dai maganar bangon Kalgo ba ta sake shiga tsakaninmu ba. Shi kuma bai taɓa kiran aikina da sunansa ba. In na shigo sai ya ce, ga mai jiniya nan ya iso.

Wata Talata a tsakiyar bazara, bayan azahar, aka kira mu Kalgo. Lokacin ni ke jagorantar mota, mu shida ne har da direbanmu Ɗanjuma. Tun daga nesa na ga hayaƙin, baƙi ƙirin, yana kwanciya gefe ɗaya saboda iska. Muna shan kwana na gane gidan, na Alhaji Sirajuddeen ne.

Wutar ta tashi daga ɗaki na biyu, ta riga ta kama huɗu na farko. Abin da na fara tambaya shi ne ko da mutum a ciki. Aka ce babu, yawancin ɗaliban suna aji, waɗanda ke nan kuma sun fito. Ban yarda ba sai da na sa mutum biyu suka bi ɗakunan da ake iya shiga. Na sa aka yanke wutar lantarki, aka fito da tukwanen gas daga ɗakunan gaba, domin kusan kowane ɗalibi yana da tasa, kuma guda ɗaya in ta fashe ta ishe mu. Na ce duk ɗakin da aka fito a ja ƙofarsa, kada a ba wutar iska.

Matsalarmu ruwa ce. Tankinmu ɗaya, in muka buɗe tiyo biyu ba zai kai minti goma ba, motar da za ta kawo ƙari kuma tana buƙatar kusan rabin awa. Bayan ɗaki na ashirin akwai gidaje manne da juna, kowanne da harawa jibge a kan rufi. In wuta ta isa can, to, ba maganar gida ɗaya ake yi ba, maganar unguwa ce.

Jama'a sun kewaye mu, kowa ya zama malamin kashe gobara. Ga wuta suna gani, ga mota ta zo, me ake jira? Ban ga laifinsu ba, amma na san abin da ba su sani ba. Wutar da ake gani a taga ta riga ta gama aikinta. Wadda za ta cuce mu tana sama, ta wuce wadda suke gani da ɗaki biyu ko uku. In na zuba ruwana a kan huɗun farko, zan sami tafi na minti goma, sannan in tsaya da busasshen tiyo ina kallon sauran goma sha shida suna ci. Dole in zaɓi wuri ɗaya a gabanta in tare ta, kuma wurin ba zai riƙu ba sai da bango.

Alhaji Sirajuddeen yana nan, ba hula, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi. Bai gane ni ba. Na tambaye shi bangon da ke tsakanin ɗaki na takwas da na tara, ko yana nan har sama. Ya ce babu wani bango, shi da kansa ya sa aka rushe shi tun ana gini, in daina ɓata lokaci in kashe masa wuta.

Na koma bayan mota na kira Gwandu. Baba ya ɗauka, ya fara gaisuwa yadda ya saba, ina gajiya, ina iyali, ya Sumayya ta ji da zafi. A rayuwata ban taɓa katse masa gaisuwa ba sai ranar.

"Baba, gahwara. Gidan Alhaji Siraju na Kalgo na ka cin wuta. Bangon ɗaki na takwas, kun rushe shi?"

Ta cikin wayar ina jin akuya tana kuka a tsakar gidanmu.

"Yac ce in rushe," in ji shi. "Nic ce mai to."

"To kun rushe?"

"To ɗin nib ba shi. Bangon shina nan, in ba wani yat taɓa shi bayana ba."

In ba wani ya taɓa shi ba. Shekara goma sha ɗaya, magini na biyu, kafinta, masu jan wayar lantarki, kowa ya bi ta cikin rufin nan. Ga mai gida yana cewa babu, ga tsoho daga nisan duniya yana cewa akwai. Gaskiya na ji tsoro. In na ja mutanena zuwa ɗaki na tara, na sallama ɗaki huɗu da ko hayaƙi bai gama cika su ba, sannan na tarar da sama fayau, to na yi asarar ɗakunan, na yi asarar lokaci, kuma da bakina na ba da umarnin. Amma na yi shekara shida ina miƙa wa mutumin nan bulo. Ban taɓa jin ya ce abu yana nan aka tarar ba ya nan ba.

Na ce wa Ɗanjuma ya matsar da mota gaba. Da jama'a suka ga muna barin wuta a bayanmu, sai aka ɗauki ihu. Wani ya ce ba mu zo da ruwa ba, wani ya ce an saye mu, wata jarka ta daki ƙofar mota. Alhaji ya riƙe mini hannun riga yana nuna ɗaki na biyar. Na ce masa ya yi haƙuri, daga ɗaya zuwa takwas sun tafi, in ya sake ni zan yi ƙoƙarin sama masa goma sha biyu. Ya sake ni, amma kallon da ya yi mini ba na fatan alheri ba ne.

Muka shiga ɗaki na tara ni da Kamal, wanda ya fi kowa tsawo a cikinmu. Ya sa ƙugiya ya fizgo silin, na hau tsani na cusa kaina da fitila. Zafi ya mare ni. Da idona ya washe sai ga shi tsaye, daga inda silin ya ƙare har ƙarƙashin kwano, bulo bisa bulo. Har filasta aka yi masa, a wurin da ba wanda zai taɓa gani sai ɓera. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Kamal ya ɗauka hayaƙi ne ya taɓa ni.

Sai dai bangon ba shi kaɗai zai yi aikin ba. Kafinta ya huda shi wuri uku ya zura katakon rufi, kuma ta ramukan nan hayaƙi ke feso mana, ɗaya har ya fara ja. Na sa tiyo ɗaya a nan, na ce ba feshi ake so ba, a riƙa ba katakon ruwa kaɗan-kaɗan, ana buɗewa ana rufewa. Mutum biyu suka hau ta waje, suka tsaya ta gefen na tara, suka ɓanɓare kwanon ɗaki na takwas don zafin ya sami hanyar fita sama maimakon ya riƙa tura bango. Tiyo na biyu yana tsaronsu.

Da wutar ta iso na takwas, bangon ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. Muna ji katako yana karyewa ta can, kwano yana kuka. Ɗanjuma ya aiko cewa ruwa ya kusa ƙarewa. Nan ne mutanen da suka zage mu suka biya mu. Sun ga wutar ta tsaya wuri ɗaya ta kasa wucewa, sai suka tare duk 'yan ga-ruwan unguwar, aka riƙa turo kura bayan kura, ana miƙa jarkoki hannu da hannu ana juyewa a tanki. Har wanda ya jefe mu na gani a layin, ya fi kowa gumi. Da haka muka lallaɓa har motar ruwa ta iso. Kafin la'asar sakaliya an gama. Ɗaki takwas sun zama gawayi, goma sha biyu ko labulensu bai ƙone ba, harawar maƙwabta kuma tana nan tana jiran tumaki.

Washegari da hantsi na koma duba ko akwai sauran garwashi, sai na tarar da Baba a wurin. Motar farko ya shigo daga Gwandu, da sandarsa da ma'auninsa a aljihu. Alhaji yana biye da shi kamar ɗan rakiya, yana ta ba shi haƙuri, yana cewa Baba ne zai sake gina ɗakunan, kuma ko bango goma yake so ya ɗaga. Baba ya wuce gaba. Ya tsaya cikin tokar ɗaki na takwas yana kallon bangonsa, wanda ya yi baƙi daga sama har ƙasa. Ya daɗe a kan ramukan nan uku, ya tsine wa kafintan da bai taɓa gani ba, sannan ya nuna katakon da ya ƙone daidai bakin rami ya tsaya.

"Wa yat tsaya bayan wanga?"

Alhaji ya nuna ni. Sai a lokacin wani ya gaya masa ɗan wane ne ni.

"To ka ji, Alhaji," in ji Baba. "Da ramukkan ga, bangona ba shi kai minti goma shi kaɗai. Ni bulo nij jera. Wanda yak kashe maka wuta ga shi nan, aikinai na, kuma ya iya shi."

Shekarata talatin da biyar, ina da mata da 'ya, amma daɗin da na ji ban san inda zan sa shi ba. Na sunkuyar da kai na ce masa, tun watan farko a wurin horo aka koya mana wannan bangon, kuma tun ranar na san shi ke da gaskiya, na kasa faɗi ne.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Au, sai da kat tahi makaranta?"

Ɗanjuma, wanda ya rako ni, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Baba ya zaro ma'auni ya miƙo mini bakinsa, ya ce in riƙe a kusurwa, in riƙe da kyau, kada in bari ya karkace yadda na saba. Na cire hular aiki na ajiye a kan bulo, na durƙusa cikin toka na riƙe.